Amsar tambayar Auwalu kan Alhajin da ke son kai amarya tsibiri

Auwalu, na ga saƙonka tun la'asar, ina kan hanyar dawowa daga Dass ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce wani Alhaji ya shigo ofishinmu na shirya tafiye-tafiye ya nuna maka bidiyo a waya, mutane a ƙarƙashin teku kifaye na kewaya su, ya ce shi ma irin wurin yake so ya kai amarya bayan biki, kana tambaya wane tsibiri za ka yi masa bukin, wato ka kama masa otal da jirgi. Toh kar ka taɓa kwamfuta tukuna. Ka kira shi ka tambaye shi ya iya ruwa? Kuma wane wata ne bikin?

Maganar iya ruwan nan ba raini ba ne. Mutanenmu da yawa za su ce maka ai tun suna yara suke wanka a dam ɗin Gubi, ka bincika ka ga iyakarsu inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Kuma abin da ya gani a bidiyon iri biyu ne. Akwai wanda za ka kwanta a saman ruwa da gilashi a fuska da ɗan bututu a baki kana numfashi kana kallon ƙasa, wannan ko rigar ceto ka sa ya yi, ba a neman takardar komai. Sai kuma nutso na sosai, wanda ake goya maka tukunyar iska a baya ka sauka. Shi kam sai an koya. Kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da ke ba da satifiket ɗin nutso, kwana 3 zuwa 4 ne, sai ka yi iyo na mita 200 ka kuma tsaya a saman ruwa minti 10 kafin su yarda da kai, satifiket ɗin kuma iyakarsa zurfin mita 18. Wanda ba ya son kwas akwai na gwaji na yini ɗaya, malami na riƙe da shi, ba a wuce mita 12. Mai asma ko ciwon zuciya ko sikila sai likita ya sa hannu, mai juna biyu kuwa ba ta nutso sam, ka san yadda za ka gaya masa wannan cikin ladabi.

In yana so ya san gaskiyar kansa, ka ce ya sayi gilashin da bututun ya je Yankari ya shiga ruwan ɗumi na Wikki. Ruwan garau yake, ɗuminsa wajen digiri 31, kusan irin na can ne sai dai ba gishiri ba igiya. Minti biyar da fuska a cikin ruwa zai san ko abin nasa ne. Ka ce kuma ya rage gashin baki, ta nan ruwa ke shiga gilashi, na ga dattijo da ya ɓata rabin yini yana zubar da ruwa daga hanci yana zagin mai kaya alhali gashin bakinsa ne.

Wurare kuwa, ni biyu nake sayar wa mutanenmu da kwanciyar rai, Zanzibar da Maldibs, don duka ƙasar Musulmi ce, abinci ba fargaba, masallaci ba wahala, amarya ta sa rigar ruwa mai rufe jiki ba mai kallonta. Zanzibar ta fi kusa ta fi sauƙi, jirgin Ethiopian daga Kano ko Abuja a sauya a Addis. Ka sauke su a arewacin tsibirin, Nungwi ko Kendwa, daga nan kwale-kwale mai inji zai kai su gefen tsibirin Mnemba inda murjani da kififiya suke. Amma daga tsakiyar Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, ruwan ya kan gurɓace, wasu otal ma rufewa suke. Bizar Tanzaniya ga fasfo ɗinmu tana cin lokaci, ba ta sati ɗaya ba ce, kuma tun Oktoba 2024 Zanzibar ta wajabta inshorarta ta dala 44 kowane mutum, ka sa a lissafi tun farko kar ya ce mun ɓoye masa.

Maldibs tsibirai ne kusan 1,200, a filin jirgi ake buga biza ta kwana 30 in kana da tikitin dawowa da bukin otal, jirgin Qatar ta Doha ita ce hanyar da na saba. Lokacinta mai kyau Disamba zuwa Afrilu, ka ga kenan in bikin Maris ko Afrilu ne can za su, in Agusta ne Zanzibar. Sai dai in kifin manta ya gani a bidiyon, mai faɗi kamar tabarma, to Hanifaru ce a yankin Baa, daga wajen Yuni zuwa Nuwamba suke taruwa, kuma can an hana sauka da tukunya, a sama kowa ke kallo, wannan ya yi wa wanda bai iya nutso ba daidai. In aljihu bai kai otal mai tsibiri guda ba, akwai masauki a garuruwan 'yan ƙasa irin Maafushi, ba giya, kuɗi kaɗan, teku ɗaya ce. Su Raja Ampat ta Indonesiya da Sipadan ta Malesiya bar su, na ƙwararru ne, hanyar kaɗai ta ishi amarya kuka.

Ga inda ni na sha kashi. Shekarun baya na yi wa wani bukin otal da sai ƙaramin jirgi mai sauka a kan ruwa ke kai mutum, na ba shi jirgin da ke isa Male, babban birnin Maldibs, da dare don ya fi arha. Ashe ƙananan jiragen nan ba sa tashi in rana ta faɗi. Mutumin ya kwana a Hulhumale kusa da filin jirgi, daren otal mai tsada ya tafi a banza, ni na biya na kwanan daga aljihuna, har yau in mun haɗu a Wunti gaisuwar a tsaye ce. Don haka duba yadda ake shiga otal ɗin kafin ka zaɓi jirgi.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne ranar dawowa, nan rai ne ba kuɗi ba. A cikin tukunyar, iska ce zalla aka matse, ba oksijin na asibiti ba, kuma a zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka biyu, sai naitirojin, wani sinadari na cikin iskar, ya riƙa shiga jini. In mutum ya fito ya hau jirgi da wuri sai ya yi kumfa a jiki kamar ka buɗe kwalbar lemo da ka girgiza, ciwon gaɓɓai, wani har shanyewar jiki. Ƙa'ida kafin a hau jirgi a jira awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in an yi da yawa, ni dai 24 nake rubutawa. Alhazanmu kuwa ka san su, sai ranar ƙarshe za su ce bari a ƙara ɗaya kuɗin ya fita. Ka rubuta masa a jikin takardar tafiya da jan biro cewa ranar ƙarshe ta kasuwa ce da tsaraba, ka karanta masa da bakinka.

Gobe in ka same shi ka turo min watan bikin da ranar da fasfo ɗinsu zai ƙare, shi da amaryar, in nata bai fito ba tukuna kar ka karɓi ko kwabo.