Albarushin da ke garejina: amsa ga Yaya

Yaya, saƙon muryarka ya iso, sau biyu na saurare shi a mota. Na farko dariya na yi, na biyu kuma raina ya ɗan sosu. Hoto ɗaya na sa a Facebook, teburina na gareji da sikeli da kwanson harsashi a jere, shi ne har ya kai ga Hajiya ta kasa barci, kai kuma kana tambaya wai ko zaman Tekzas ya mai da ni ɗan bindiga. Ban ga laifinka ba. Wanda ke bin hanyar Funtua zuwa Gusau da zuciya a hannu, in ya ji kalmar bindiga ba barewa ce ke zuwa masa a rai ba. Amma ka bar ni in yi bayani, in ya so ka karanta wa Hajiya da kanka.

A nan akwai mutanen da ba sa sayen harsashi gamamme. In sun harba, sai su tsince kwanson tagullar, su wanke, su sa masa sabuwar firaima, wato ɗan maɓallin gindi da ke tayar da wuta, su auna albarushi, su ɗora kan harsashi. Sha'awa ce kamar kiwon tattabaru, kuma doka ta yarda. Yawancinsu dattawa ne masu farautar barewa daga Nuwamba zuwa Janairu, ko masu gasar harbin allo. Surukina, mahaifin uwar yara, shi ya koya mini. Da na je neman aure bai tambaye ni sadaki ba, gonarsa ya kai ni ya ga ko na iya riƙe bindiga ba tare da na nuna wa mutum bakinta ba. Ban iya ba, sai da ya daka mini tsawa.

Kuma kada ka ɗauka abin sakaka ne. Kafin in sayi bindigar farauta sai da na cike takarda a kanti aka tura sunana hukumar FBI ta bincika. Kafin lasisin farauta sai da na zauna aji na ci jarrabawa. Albarushin kansa ba ya barin robar da ya zo a ciki, yana cikin akwatin katako da kwaɗo, makulli kuma yana aljihuna.

Abin da ya ba ni dariya a saƙonka shi ne inda ka ce ai mu a Amurka komai a yalwace yake, albarushi ma kamar garin kwaki. Ina ma! Wannan robar da ka gani a hoto, wata bakwai na yi ina nemanta. Ana sayar da shi ne laba-laba, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo, ko babbar jarka mai laba 8. Laba ɗaya tana yi mini harsashi wajen 160, ta ishe ni shekara in ban yi almubazzaranci ba. To ko ita sai ka yi ta zagaye kantuna kana ganin kanta wayam, sai takarda a manne: roba ɗaya ga mutum ɗaya.

Surukina ya ce shi ya ga irin wannan sau uku. Na farko bayan zaɓen Obama a 2008, mutane suka tsorata za a tsaurara doka suka kwashe komai. Na biyu a 2013, bayan kisan yara 'yan makaranta a Sandy Hook cikin Disambar 2012. Na uku shi ne wanda ya same ni, na 2020: ga korona, ga zanga-zangar kisan George Floyd, ga zaɓe. A shekarar nan binciken FBI kan bindiga ya haura miliyan 39, ba a taɓa yin haka ba kafin nan. Kamfanonin da ke yin firaima su ne dai ke yin harsashi gamamme, sai suka riƙe kayansu don nasu aikin. Kamfanin Remington mai yin bindiga da harsashi kuma ya durƙushe a wannan shekarar. Kwalin firaima dubu da nake saya dala talatin da 'yan kai ya wuce dala ɗari. In ka yi oda ta intanet, ga kuɗin dakon kaya mai haɗari a kai. Ranar da na ji an sauke kaya a wani kanti, daga sallar asuba na wuce, na tarar da mutum goma sha a gabana cikin sanyi, kowa da kofin gahawa. Wallahi layin man fetur na Kano ne ya faɗo mini, har da masu saye su ɓoye su sayar da tsada. Halin ɗan Adam ɗaya ne, fatar ce kawai daban.

Abin da mutanen nan ma ba su cika sani ba, da yawan albarushin ba a Amurka ake yinsa ba. Wanda nake amfani da shi, Varget, sunan kamfanin Hodgdon na jihar Kansas ne a jiki, amma a Ostareliya ake yinsa. Wani albarushin mai suna Vihtavuori daga Finlan yake zuwa. Masana'antun ba su da yawa, kuma babban mai cinikinsu soja ne, mu 'yan gareji saura muke samu. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, manyan bindigogi suka shiga cin albarushi kamar wutar daji, har a 2024 kamfanin Alliant ya dakatar da aiko wa kantuna nasa saboda ƙarancin sinadarin da ake kira naitiroselulos. Ka san da me ake yin sinadarin nan? Da ɗan gashin da ke manne a jikin angurya bayan an gurje auduga, ko kuma da niƙaƙƙen itace irin na yin takarda. Ranar da na karanta haka sai da na ajiye waya. Mu da muka tashi muna tsalle a kan tulin angurya a Funtua, muna ganin abincin shanu ce kawai.

Baƙin albarushi mai hayaƙi, irin wanda 'yan bindigar sarki ke ɗurawa ranar hawan Daushe, shi ma ya yi wuya. Masana'anta ɗaya tal ke yinsa a Amurka, ta GOEX a Minden ta jihar Luwiziyana, aka rufe ta a ƙarshen 2021, sai daga baya wani kamfani ya saye ta. Warinsa kuwa shi ne warin ɗakin Kaka. Ka tuna adakarsa da ke rataye bayan ƙofa, da ƙahon da yake zuba albarushi a ciki, da yadda yake korarmu in muka matso da fitila? Kai ne ma ka sha bulala a kan ƙahon nan, ba ni ba. Jikan maharbi ya auna albarushi a sikelin lantarki, sai a ce ya bar Hausa?

Wannan maganar ita ce ta fi yi mini ciwo, da wadda ka ce matata ce ta juya ni. Shekara goma sha shida ke nan, har yau in an kira ta a gida Baturiyar wane ake cewa, alhali tana tuƙa tuwon shinkafa, kuma azumi ba ya wuce ta. Mu Hausawan Hustan da Dalas ba mu da yawa, kuma gaskiya galibinmu ba ruwansu da farauta. Likitoci ne da injiniyoyi da direbobi, wasunsu ma kallon da kake mini suke mini. Amma in na harbo barewa da bisimilla, na yanka, na yi kilishi, babu wanda ke tambayar wa ya koya mini. Layi suke yi bayan Juma'a. Aladen daji sun addabi gonar surukina, nakan taya shi kora, amma ya san ko a motata ba a ɗora su, ya daina ma tsokanata a kai.

Inda nake da laifi na yarda. Babban yaron yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake amsawa, kuma ranar da ya gaida Hajiya a waya yana tsaye ƙerere da hannu a aljihu na ji kunya, ko da ba ta gani ba. Shi nake zaunarwa a gareji yana karanta mini awo da Hausa, arba'in da huɗu, arba'in da huɗu da ɗigo biyu, in ya yi kuskure mu sake daga farko. A nan ne kaɗai ba ya gardama.

Ka gaya wa Hajiya robar nan ɗaya ce, kuma rabinta ya tafi. In mai zuwa ya samu kafin Nuwamba, a aiko mini da yajin kilishi da ƙuli-ƙuli, na bara ya ƙare tun Sallah babba.