Amsa kan zaɓen injin ƙaramin jirgin sama na haɗin gida

Assalamu alaikum. Malam, na saurari saƙonka inda kake tambayar injin da ya fi ƙarfi da za ka ɗora wa jirgin mutum ɗaya da kake haɗawa, amma a fahimtata ainihin abin da kake son ji shi ne ko injin babur ko na janareta da ke kasuwarmu zai iya ɗaga ka, don haka a kan wannan zan amsa.

Nauyi ake fara dubawa kafin ƙarfin doki. Dokar Amurka da ake kira Part 103, wadda ta fito a 1982 kuma aka zana yawancin waɗannan jiragen a kanta, ta ce jirgin da babu mutum babu mai a cikinsa kada ya kai kilo 115, tankinsa kada ya wuce lita 19, gudunsa kuma kada ya haura kilomita 102 a awa. A cikin kilo 115 ɗin nan za ka cusa fukafukai, da tayoyi, da kujera, da farfela, don haka abin da zai rage wa inji bai cika wuce kilo 40 ba. Cikakken injin mota ya fita daga lissafi tun a nan. Injin babur ɗin acaba kuwa bai kai doki 10 ba, alhali irin wannan jirgin yana neman doki 25 zuwa 40, kuma ba na ɗan lokaci ba, domin tun daga tashi har sauka injin jirgi yana aiki ne kusa da ƙarshen ƙarfinsa, ba ya samun hutun da injin mota ke samu a gangare.

Masu bugu biyu, wato waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, su ne suka fi sauƙin nauyi. Rotax 447 na ƙasar Ostiriya yana ba da doki 40, 503 yana ba da 50, 582 mai lagireto kuma 65, sai dai duk an daina ƙera su, kuma bayan awa 300 na aiki dole a kwance su a yi musu gyaran gaba ɗaya. Wanda ya sayar maka da na hannu ba tare da littafin awoyinsa ba, ka ɗauka awoyin sun ƙare. Sannan suna juyi kusan 6,500 a minti, farfela kuwa tana son wajen 2,500, domin idan bakinta ya kusanci gudun sauti sai ta koma ƙara babu ja. Shi ya sa ake sa giya ko bel a tsakani, kuma nauyinsu ma yana cikin lissafi.

Ni dai zuciyata tana kan rabin Volkswagen. Injin Bitil ɗin nan da aka riƙa harhaɗawa a Legas tun 1975, silinda huɗu gare shi, iska ke sanyaya shi, sai a yanke shi a bar silinda biyu masu kallon juna, a samu doki 35 zuwa 45 gwargwadon girman fistin. Juyinsa ɗan sama da 3,000 ne, don haka farfela kai tsaye ake ɗaura masa, babu giya, babu gauraya mai, kuma a kansa Leonard Milholland ya zana jirginsa Legal Eagle. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake jin kalmar yankewa sai a ɗauka aikin zarto ne a gindin bishiya. Karanshaf ɗin sai an daidaita nauyinsa a kan na'ura, in ba haka ba girgiza za ta tsattsage mazaunin injin tun jirgi yana ƙasa, kuma tsohon bulon inji da ya shekara 40 yana yawo a gareji ba a amince masa sai an binciki tsaga a jikinsa.

Bari in koma kan janareta, domin wani zai ce ai Michel Colomban na Faransa ya tashi jirginsa Luciole da injin Briggs & Stratton mai doki 25, irin wanda ake sa wa janareta. Gaskiya ne, amma jirgin bai kai kilo 100 ba, kuma tun daga takarda aka zana shi don ƙaramin inji.

Akwai kuma zafinmu. Kano tana kusan mita 480 sama da teku, amma a watan Afrilu da rana, idan zafi ya kai digiri 40, iska takan yi sakayau kamar kana mita 1,500, kuma inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300. Mai doki 40 zai ba ka wajen 34 ke nan, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska da kafireta.

Saboda haka ka turo mini sunan zanen da kake bi, da nauyinka, da tsawon filin da za ka tashi, kuma kafin ka kashe ko sisi a kan inji ka tuntuɓi NCAA, hukumar kula da harkokin jiragen sama ta Nijeriya, domin dokar Amurka ba ta aiki a samaniyar Nijeriya.