Ko shekarun da na yi ina koyarwa za su taimaka mini in samu gurbin karatun lauya a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne. Na yi digirin farko a fannin Turanci, na fita da 2:2. Na yi bautar ƙasa a wata sakandaren ƙauye, daga nan na zarce da koyarwa, yau shekara biyar ke nan ina riƙe da alli. Burina in karanta aikin lauya a Amurka. Wani abokina ya ce makarantun can rububin malamai suke yi, wani kuma ya ce ba ruwansu da komai sai maki. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Na biyun ya fi kusa da gaskiya, amma na farkon ma ba ƙarya ya shara maka ba, ya dai zuba gishiri.

Karatun lauya a Amurka ba kamar namu ba ne da yaro zai gama sakandare ya rubuta JAMB ya shiga. Sai mai digirin farko ake ɗauka, ko a wane fanni ya yi shi, ya yi shekara uku ya fito da digirin da suke kira JD. Don haka digirinka na Turanci ya buɗe maka ƙofar nema. Abin da kwamitin ɗaukar ɗalibai yake fara dubawa kuwa abu biyu ne: sakamakon digiri, da makin LSAT, jarrabawar neman shiga makarantun lauya, wadda ake auna ta daga 120 zuwa 180. Makarantu da dama yanzu suna karɓar GRE ma, wato jarrabawar neman shiga karatun gaba da digirin farko, amma har yau LSAT ce babbar hanya.

Ba ƙeta ce ta sa suka ɗora wa maki nauyi haka ba. Kowace shekara dole kowace makarantar da ƙungiyar lauyoyin Amurka ta amince da ita ta wallafa makin tsakiya na ɗaliban da ta ɗauka, wato idan aka jera su daga na ƙasa zuwa na sama, makin wanda ya faɗo a tsakiya. Da wannan adadi masu jera makarantu suke aiki, da shi ɗalibai suke auna martabar makaranta. Duk wanda aka ɗauka da maki ƙasa da wannan, makaranta ta san ta ja kanta baya kaɗan, sai ta ga dalili mai ƙarfi kafin ta yarda.

Ga wani abu da ya shafe ka kai tsaye. Hukumar LSAC, mai shirya jarrabawar, ita ce take tattara takardun masu nema. Wanda ya yi digiri a Amurka tana lissafa masa makinsa da alƙaluma. Kai da ka yi a Nijeriya ba za a lissafa maka haka ba, sai dai a sa digirinka a ɗaya daga cikin rukuni huɗu: mafifici, sama da matsakaici, matsakaici, ko ƙasa da matsakaici. Wannan yana da daɗi ta wata fuska, domin 2:2 ɗinka ba zai shiga lissafin makin tsakiyar makaranta ba. Amma yana nufin LSAT ce kaɗai ma'aunin da za su kwatanta ka da sauran jama'a da shi. Shekara biyar ɗin koyarwa, ko da ashirin ce, ba za ta cike gurbin maki goma da suka ɓace a wannan jarrabawa ba.

Maganar rububin malamai da abokinka ya ji, ina kyautata zaton daga Teach For America ta samo asali. Shiri ne da Wendy Kopp ta tsara a kundin kammala digirinta a jami'ar Princeton a 1989, aka fara tura malamai a 1990. Ana ɗaukar waɗanda suka gama jami'a su koyar shekara biyu a makarantun unguwannin marasa galihu. Makarantun lauya da yawa sun ƙulla yarjejeniya da shirin: wasu su yafe kuɗin cike takardar nema, wasu su ajiye wa mutum gurbinsa har ya gama shekara biyun, wasu su ƙara da ɗan tallafin karatu. To amma a lura, shiga shirin kansa sai an sha tankaɗe da rairaya, kuma yawancin waɗanda ake ɗauka dama masu sakamako mai kyau ne. Idan ka ga sun samu gurbi a manyan makarantu, da wuya ka iya rabewa ko koyarwar ce ta kai su ko makin da suka zo da shi tun farko. Kuma shirin na mazauna can ne, waɗannan rangwamen ba za su biyo malamin da ya koyar a Nijeriya ba.

Inda koyarwarka take da daraja ta gaske shi ne lokacin da aka ajiye takardu biyu masu maki kusan ɗaya a gaban kwamiti, gurbi kuma ɗaya ne. A manyan makarantu irin su Harvard, mafi yawan waɗanda ake ɗauka sun yi aƙalla shekara guda a waje bayan digiri, kuma Northwestern da ke Cikago ta daɗe da yin suna wajen fifita waɗanda suka taɓa aiki. Malami ya saba tsayuwa gaban mutanen da ba su da niyyar saurarensa ya sa su saurara. Ya saba ɗaukar abu mai sarƙaƙiya ya warware shi har wanda ke bencin baya ya gane. Ya raba faɗa ya ji ta bakin kowane ɓangare. Duk wannan aikin lauya ne. Sai dai kwamiti ba zai zauna ya ƙirƙiro maka wannan fassarar ba, kai za ka nuna musu a takardar bayanin kai, wadda galibi ba ta wuce shafi biyu.

Nan ne malamai suka fi zubar da damarsu. Na karanta rubutun malamai da yawa masu wannan buri, kusan duk da murya ɗaya suke farawa: ina ƙaunar yara, ilimi shi ne hasken rayuwa, ina so in zama muryar marasa murya. Mai duba takardun a kwamiti ya ga irin wannan har ya gaji. Wata malama da na taɓa duba wa takarda ta kawo mini shafi biyu cur na irin waɗannan kalamai. Da na matsa mata da tambaya, sai ta ba ni labarin wata ɗalibarta da aka hana rubuta jarrabawar fita saboda ranar haihuwar da ke takardarta ta saɓa da ta rajistar makaranta. Ita ta ɗauki yarinyar da mahaifinta zuwa kotu aka yi takardar rantsuwa, ta yi zarya ofishi uku, ta gano cewa magatakardan da ya ce ba zai yiwu ba bai taɓa karanta ƙa'idar da yake kafa hujja da ita ba. Na ce mata ai wannan ce takardar, ki yaga waccan. A labarin akwai matsala, akwai abin da ta yi da hannunta, akwai kuma amsar tambayar da kowane kwamiti yake yi wa malami a zuci: in koyarwar ta yi maka daɗi haka, me ya sa za ka bar ta?

Wannan tambayar ka tanadar mata amsa ta gaskiya. Kada ka zagi aikin ko ka yi kukan albashi, kada kuma ka mayar da ɗalibanka abin tausayi don kai ka fito gwarzo. Ka kawo alƙaluma inda kake da su: yara nawa ne a ajinka, darasi nawa kake ɗauka a mako, nawa suka ci Turanci a WAEC kafin zuwanka, nawa bayan ka zo. Abin da za ka iya kare shi kaɗai za ka rubuta, domin ƙarya a takardar nema tana iya bin mutum har ranar da za a tantance halinsa kafin a rantsar da shi lauya.

Sai wasiƙun shaida, galibi biyu. Makarantun sun fi son na malaman jami'a da suka ga rubutunka. Tunda ka yi shekara biyar da barin jami'a, ɗaya daga wanda ya duba maka kundin digiri, ɗaya daga shugaban makarantarku, ya wadatar. Amma ka zauna da shugaban ka yi masa bayani, don wasiƙunmu na gida sun saba da layi huɗu: mutumin kirki ne, mai biyayya, ba ya makara, ina ba da shawarar a ɗauke shi. A can irin wannan kamar ba a rubuta komai ba ne. Ana son ya faɗi abin da ya gani da idonsa, a wane zango, kuma ya kwatanta ka da sauran malaman da ya taɓa shugabanta.

Kuɗi fa, malam. Manyan makarantu masu zaman kansu suna karɓar sama da dala 70,000 a shekara, ban da masauki da abinci, kuma bashin karatu na gwamnatin Amurka ba a ba baƙon ɗalibi. Tallafin da makarantu suke bayarwa yawanci maki yake bi, ka ga mun sake komawa kan LSAT. Idan kuma niyyarka ka dawo gida ka yi aiki, JD ba zai sa ka tsallake Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya ba. Wanda ya karanto a waje sai ya fara da kashi na ɗaya na karatun kafin ya haɗu da 'yan gida a kashi na biyu. Shi ya sa nake so ka auna ɗaya hanyar: ka nemi shiga aji biyu na karatun lauya kai tsaye da digirinka a jami'ar gida, ka yi shekara huɗu, ka wuce Makarantar Horar da Lauyoyi a Bwari ko Bagauda, daga baya ka nemi digiri na biyu na shekara ɗaya a Amurka. A wannan hanyar takardun sakandare da na digiri ake dubawa, har da adabin Turanci, koyarwa ba ta shiga lissafi sosai.

Kafin ka kashe ko sisi, ka shiga shafin LSAC, akwai tsofaffin jarrabawoyi kyauta. Ka zaɓi wata Asabar, ka kashe waya, ka ba kowane sashe minti 35 kamar yadda ake yi a zauren. Tun Agustan 2024 aka cire sashen wasan ƙwaƙwalwa na jera abubuwa bisa sharuɗɗa, saura auna hujja da fahimtar karatu, kuma malamin Turanci yana da ɗan rinjaye a nan. Makin da ka samu ka kwatanta shi da makin tsakiyar makarantun da kake hari. Ana buɗe karɓar takardu wajen Satumba, kuma yawancinsu suna duba su ne yadda suke shigowa, don haka mai nema a Nuwamba ya fi mai nema a Fabrairu samun sarari. Idan ka yi gwajin, ka aiko mini da makin mu duba makarantun da suka dace da kai.