Amsa ga malamar da aka ba darasin sararin samaniya ba kayan aiki

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce an ɗora miki darasin sararin samaniya a SS2, makaranta ba madubin hangen nesa, yaran kuma 'yan jeka-ka-dawo ne balle a tara su da dare. Wallahi ciwonmu ɗaya.

Rashin madubi mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zanen da ke cikin littattafai. Sai a zana duniya, a manna mata wata a gefe kamar taɗi suke yi, a jera duniyoyi reras kamar buhunan shago, ko gargaɗi babu cewa zanen ba bisa ma'auni yake ba. Yaro ya haddace, ya ci jarrabawa, ya fita yana rantsuwa inuwar duniya ce ke rage wata. Mai littafi ya karɓi kuɗinsa, ke aka bari da gyaran ɓarna. Abin da takaici!

Ki fara da rushe wannan zanen. Ƙwallon ƙafa duniya, matsakaicin lemo wata. Ki ce su ajiye lemon inda suke zato, za ki ga ba su wuce kamu biyu ba. Sai ki auna mita 6.5, don nisan wata kilomita 384,400 ne, kusan faɗin duniya sau 30. In kuma ƙwallon ce rana, duniya ƙwayar gero ce a mita 24.

Siffofin wata kuwa, ki rufe tagogi, kwan lantarki ɗaya tak a tsakiya. In biyu ne, ko haske na shigowa ta ƙofa, iyakar haske da duhu ba ta fita. Kowa ya soka lemo a tsinken tsire, kansa ne duniya, ya miƙa hannu ya riƙa juyawa hagu a hankali. Yana fuskantar kwan, lemo duhu. Ya ɗan juya, ga jinjiri. Ya ba shi baya, ga daren sha huɗu. A nan ake samun matsala: lemon kan faɗa inuwar kan yaro. Ki ce ya ɗaga shi sama kaɗan, ki kuma gaya musu abin da suka yi yanzu husufi ne, kuma ba ya faruwa kowane wata saboda hanyar wata ta karkace da kusan digiri 5.

Af, ki daina ce wa iyaye "ilimin taurari", wasu duba suke ji. Ki ce falaki. Kuma ki shigo ta sunayen da kakanninsu suka sani: Kaza da 'Ya'yanta, Zara, Gamzaki. Yara kan yi mamaki in suka ji Zara ta yamma da Gamzaki na asuba abu guda ne, kuma duniya ce irin tamu.

Da rana ma akwai aiki. Ki kafa sanda mai mita ɗaya, ki gwada tsayuwarta da igiya da dutse irin na magina, in ta karkace lissafi ya lalace. A riƙa sa alama a bakin inuwa duk minti 10. A Kano inuwa kan fi gajarta wajen 12:25, ko da yake yana ɗan motsawa cikin shekara, kuma wajen 22 ga Afrilu da 21 ga Agusta takan shige gindin sandar. Masu cewa kusancin rana ke kawo zafi, ki tuna musu a farkon Janairu, tsakiyar hunturu, duniya ta fi kusa da ita.

Don Allah kar kowa ya kalli rana da baƙin gilashi ko tsohon hoton ƙashi na asibiti. Ido ba ya jin zafi lokacin da yake ƙonewa. A huda kwali, a kalli hotonta a ƙasa.

Aikin gida, su zana wata kullum bayan Magariba na sati biyu daga ganin jinjiri. Ki sa Stellarium, manhajar da ke nuna taswirar sama, a kwamfuta, kyauta ce, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke. Kafin ki ba su labarin Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, na 1957, da saukar kumbon Apollo 11 a wata a 1969, ki fara musu da NigeriaSat-1, tauraron ɗan Adam na Najeriya da aka harba daga Rasha a 2003. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa (ISS) kuma tana kilomita 400 sama, tana kewaye duniya cikin kamar minti 90, ana ganinta da ido bayan faɗuwar rana, ba ta ƙyaftawa irin na jirgi. Ki duba lokacin wucewarta tukuna, kuma ki guji ranakun hazo.