Wata takwas kana kan wuyan riga

Ɗana, ajiye allurar nan ka matso. Jiya ka tambaye ni me ya sa wata takwas ke nan ba abin da nake ba ka sai ɗinkin wuya, alhali abokinka na wani shago har ya fara haɗa riga shi kaɗai. Na ga alama abin ya daɗe yana cin ka.

Ɗauko rigar saƙin can da ke rataye, ka ƙirga mini hannun da ya taɓa ta. Marini ya rina zaren a karofi, masaƙi ya saƙa, wani ya haɗa, mai zane ya fitar da aska takwas a ƙirji, wani ya duƙa wata biyu yana bin zanen da allura, sannan mabugi ya shimfiɗa ta a gungume ya yi ta dakanta har ta yi sheƙi. A cikinsu akwai wanda ko gaisuwar kirki ba ta haɗa mu. Amma bara da mabugina ya kwanta zazzaɓi saura kwana uku Sallah, riguna bakwai suka maƙale mini. Ni da ban taɓa sanin ƙofar gidansa ba, sai ga ni a bakin tabarmarsa da ledar lemo, ina roƙon Allah ya ba shi lafiya har cikin zuciyata.

Wannan ba sabuwar magana ba ce. Tun 1377 malamin tarihi Ibn Khaldun ya rubuta cewa mutum ɗaya ba ya iya samar wa kansa ko abincin yini guda, don niƙa da kwaɓi da gashi kowanne na neman kayan aiki daga maƙeri ko kafinta ko maginin tukwane. 'Yata da ke jami'a ta ce wani Bafaranshe, Emil Durkaim, shi ma ya yi rubutu a kan wannan magana a 1893. A ganinsa mutanen ƙauye a zamanin da, kamanni ne ke riƙe su: noma ɗaya, al'ada ɗaya. A birni kuwa bambancin ne igiyar, kamar gaɓoɓin jiki, ido ba ya aikin ƙafa amma ba ya zuwa ko'ina sai da ita. Na ce mata ai ni tabarmar mabugi ta riga shi koya mini.

To amma kukanka ma yana bisa hanya, ba zan ɓoye maka ba. Wani masanin tattalin arziki, Adam Simit, a 1776, ya ba da labarin masana'antar fil inda mutum goma suka raba aikin, suna fitar da wajen 48,000 a rana, alhali da kowa gaban kansa yake yi, ko ashirin ba zai yi ba. Shi ɗin dai kuma ya ce wanda ya ƙare rayuwarsa kan 'yan motsi ƙalilan, basirarsa dushewa take. Durkaim ma ya ce rabon aiki ba ya haɗa kai sai ma'aikaci ya san inda nasa guntun ya dosa. Nan ne laifina: na ba ka wuya, ban taɓa nuna maka sauran jikin ba.

Saboda haka gobe bayan asuba za ka bi ni wajen mabugi, ka ga yadda ɗinkin da bai kwanta ba yake tonuwa a ƙarƙashin bugu, zaren ya tashi kamar gashin kaza. Jibi mu leƙa masaƙi. Wuyan dai ba za ka bar shi yanzu ba, don kusurwarka ta hagu har yau tana tattarewa. Ranar da ta kwanta, na ɗora ka kan aljihu.