Tambaya da Amsa: Juma'a da Asabar za su ishe mu ganin Najran daga Jidda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne abokai, dukanmu muna aiki a Jidda, kowa da igamarsa. Tun muna makarantar allo muke karanta labarin As'habul Ukhdud a Suratul Buruj, sai kwanan nan muka ji cewa wurin yana nan a Najran, har ana shiga a gani. Mun yi karo-karo muna son zuwa a hutun ƙarshen mako. Ɗayanmu yana da mota, ya ce mu tashi daren Alhamis mu biya ta Abha. Wani kuma ya ce garin yana bakin iyakar Yaman, ba tsaro, kuma wai shiga wurin ma bai halatta ba, kamar Mada'in Salih. Malam, ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwana biyu za su isa, amma ba a motar abokinku ba, kuma ba tare da Abha ba.

Daga Jidda zuwa Najran tafiyar kimanin kilomita 900 ce. Ko kun bi gaɓar teku ta Lis da Ƙunfuza kuka hau dutse zuwa Abha, ko kun bi ta Ɗa'if, sai kun ci awa goma ko fiye a hanya, ban da tsayawar salla da shan mai da cin abinci. Mutumin da ya wuni yana aiki ranar Alhamis, a ce shi zai kwana riƙe da sitiyari a hanyar da take da lanƙwasar duwatsu, da hazo in lokacin sanyi ne, da raƙuman da ke ƙetare titi cikin dare, wannan ganganci ne. In ma Allah ya kai ku lafiya, za ku isa da hantsin Juma'a idanu jajir, ku kwanta har la'asar, Asabar da azahar kuma ku juyo saboda Lahadi akwai aiki. Cikin mota kuka je gani ke nan. Jirgi daga Jidda kusan awa ɗaya da rabi ne. Ku nemi na yammacin Alhamis ko na safiyar Juma'a, ku ɗauki motar haya a filin jirgi, ku dawo daren Asabar. Abha kuwa ku ba ta nata hutun daban, da zafi ma ta fi daɗi, alhali Najran da sanyi ake zuwa, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,300, don haka ku tafi da rigar sanyi. Wanda ya saba da gumin Jidda zai ji ɗarin asubar can har ƙashi.

Maganar tsaro abokinku bai ƙirƙira ba. Bayan ɓarkewar yaƙin Yaman a 2015 makamai sun faɗa garin, an rufe filin jirgin sama, ba a sake buɗe shi ba sai 2019. Tun tsagaita wutar da aka yi a Afrilun 2022 abubuwa suka lafa, jirage na sauka, kasuwa na ci. Duk da haka iyaka iyaka ce. Ku saurari labarai a makon da za ku tafi, ku riƙe igama wadda ba ta ƙare ba domin akwai shingayen bincike a hanyoyin da ke fita daga gari, kada ku ɗauki hoton soja ko wurin soja, kada kuma wani ya ce zai tashi jirgi maras matuƙi don ya samu bidiyon TikTok. Duk inda jami'i ya ce a juya, a juya. Madatsar ruwan Wadi Najran da ake yawan nunawa a hotuna tana can ta wajen iyaka, kuma a kwana biyu ba ita ce ta kamata ta ci muku lokaci ba.

Batun halacci na malaman fatawa ne, ku tambayi wanda kuka amince da iliminsa. Abin da zan iya warware muku shi ne bambancin wuraren biyu a tarihi. Hadisin da abokinku yake nufi yana cikin Bukhari da Muslim: lokacin da Annabi (SAW) ya wuce Hijir, wato Mada'in Salih, a tafiyar Tabuka, ya hana shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai dai mutum yana kuka. Samudawa ke nan, waɗanda Allah ya halaka a gidajensu. A Ukhdud kuwa mutanen da aka ƙona su ne muminai, azzalumin daga waje ya zo musu. Garin bai ƙare a ranar ba, mutane sun ci gaba da zama a cikinsa har Musulunci ya same su, kuma masu tono sun gano harsashin wani tsohon masallaci a cikin kangon. Abin da zan ja muku kunne a kai shi ne ɗabi'ar nan tamu ta ɗibar ƙasa ko tsakuwa a ƙulle a leda wai tabarruki. Ba a yi, kuma dokar kayan tarihi ta ƙasar nan tana hukunta mai ɗauka.

Kangon yana kudancin kwarin, cikin gari, ba sai kun nemi ja-gora don ku same shi ba. Ku je bayan la'asar ɗin Juma'a, amma ku tambayi masu masaukinku lokacin buɗewa tun da safe, domin yana canzawa da yanayi da kuma Ramadan. Kada ku shiga da zaton za ku ga rami cike da toka. Abin da za ku tarar shi ne tsohon birni mai ganuwa, kusan mita 235 a kowane gefe, an gina ƙasansa da manyan duwatsu sassaƙaƙƙu. Mai sauri zai zagaye shi a minti ashirin ya ce ba komai. Ku rage tafiya, ku kusanci bango. A jikin wani dutse akwai macizai biyu sun nannaɗe juna, an sassaƙa su da kyau har kana iya bin jikin kowanne da ido daga kai zuwa wutsiya. Akwai doki, akwai raƙumi, akwai tafin hannu da na ƙafa, ga kuma rubutun Musnad na mutanen kudancin Larabawa, haruffa a tsaye kowanne shi kaɗai. Za ku ga wani ƙaton dutsen niƙa wanda ku huɗun ba za ku iya motsa shi ba. Rana in ta karkata ita ce take fito da zanen, shi ya sa na ce la'asar. Har yanzu ana tono a wurin: a 2023 hukumar kayan tarihi ta sanar da samun zobba uku na zinariya da kan sa na tagulla.

Arzikin garin daga hanya ya zo. Ayarin turaren luban da ya taso daga Yaman a nan yake rabuwa biyu, wani ya nufi Hijaz da Sham, wani ya yi gabas ta Yamama zuwa Iraƙi. Har rundunar Rumawa ta bi ta nan wajen shekara ta 25 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tana neman ƙasar turare. Ta hanyar fatauci addinin Nasara ya shigo ya kafu. A shekara ta 523 sarkin Himyar, daular da ke mulkin Yaman a lokacin, Yusuf As'ar, wanda littattafanmu ke kira Zu Nuwas, mai bin addinin Yahudu, ya kewaye garin, ya yi musu alkawarin aminci, da suka buɗe ƙofa ya saɓa. Aka kashe shugabansu Haris ɗan Ka'ab da jama'a masu yawa da suka ƙi barin addininsu. Ibn Ishaƙ ya kawo adadin kusan 20,000, wasu majiyoyin sun kawo ƙasa da haka. Ku sani kuma hadisin yaro da boka da rahibi da ke Sahih Muslim bai ambaci sunan gari ba, kuma cikin masu tafsiri akwai waɗanda suka ce an yi irin wannan ramin wuta a wuri fiye da ɗaya. Najran ce dai ta fi shahara, ita ce kuma wadda shaidar tarihi ta fi yawa a kanta.

Abin da ya biyo baya kun san shi, sai dai wataƙila ba ku haɗa shi da Najran ba. Labarin kisan ya kai ga sarkin Rum da na Habasha, Habashawa suka ƙetaro teku wajen 525 suka kawar da Zu Nuwas. Daga cikin rundunar nan Abraha ya fito ya mallaki Yaman, shi ne kuma mai giwa. Wato daga Suratul Buruj zuwa Suratul Fil zare ɗaya ne. Bayan hijira kuma tawagar Nasaran Najran ta je Madina, a kansu ayar mubahala (roƙon la'anar Allah a kan maƙaryaci) ta 61 a Ali Imrana ta sauka, suka zaɓi sulhu a kan riguna 2,000 duk shekara, Annabi (SAW) ya haɗa su da Abu Ubaida ɗan Jarrah ya kira shi amintaccen wannan al'umma.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe fiye da komai: ku ba Hima safiyar Asabar. Yawancin masu zuwa daga Ukhdud sai kasuwa sai filin jirgi, rabin labarin suka gani. Hima tana arewa da gari, kimanin kilomita 120, kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2021. Rijiyoyi ne a gindin duwatsu, an kiyasta sun kai shekara 3,000, har yau da ruwa a ciki. Duk ayarin da zai shiga hamada sai ya tsaya ya sha, kuma da alama duk wanda ya tsaya sai ya bar wani abu a jikin dutse: mafarauta da kwari da baka, jiminai, raƙuma, mahaya, sunaye da addu'o'i cikin rubutu iri-iri, wasu zanukan sun kai shekara 7,000.

Kusa da rijiyoyin akwai wani dogon rubutun Musnad da Sharahil Yaƙbul, kwamandan Zu Nuwas, ya sa aka sassaƙa yana zaune a nan ya tare hanyar Najran ta arewa. Yana ɗauke da shekara ta 633 ta ƙidayar Himyar, wadda ta zo daidai da 523. A ciki yana alfahari da ƙona cocin Zafar, babban birnin Himyar, da yaƙar Habashawa, yana lissafa abin da yaƙin ya samo: mutum 12,500 an kashe, 11,000 an kama, dabbobi 290,000. An rubuta shi 'yan watanni kafin ƙona mutanen Najran. Jiya kun tsaya inda aka yi abin, yau ga ku gaban hannun waɗanda suka yi, suna ƙirga ganima ba su san shekara biyu ta rage wa mulkinsu ba. A wannan yankin ne kuma a 2014 masu bincike na Saudiyya da Faransa suka gano rubutun da ya kai wajen shekara ta 470, ɗaya daga cikin mafi tsufa da aka samu da haruffan da suka zama na Larabcin da muke karantawa.

Ku fita bayan sallar asuba da tanki cike, da ruwa mai yawa da abin karyawa, domin shaguna ba su da yawa a can. Kwalta tana kaiwa wajen rijiyoyin, amma zanukan da ke cikin daji sai da mota mai jan ƙafa huɗu da ɗan gari da ya san wurin. Kada ku sa ƙaramar motar haya cikin yashi, kuma kada wani ya kankara sunansa kusa da na mutanen da.

Safiyar Juma'a, kafin salla, ku zaga ƙauyukan cikin kwari ku ga gidajen ƙasa. Bahaushe zai ji kamar ya shiga tsohon birnin Kano, har da ƙahonin saman bango masu kama da zanko. Sai dai su ba tubali suke jerawa ba: ɗanyen laka suke ɗorawa layi guda, a bari ya sha iska, a ɗora wani, kowane layi da ɗan leɓe da ke kare na ƙasa daga ruwan sama, bango yana tsukewa yana hawa har bene da yawa. Fadar Al-Aan da ke kan dutse, wadda aka gina a 1100 bayan hijira, daga wajenta ake ganin kwarin duka da gonakin dabino. Tsohuwar fadar gwamna a unguwar Abas Sa'ud ba ta kai ta tsufa ba, ginin farkon shekarun 1940 ce, bayan yarjejeniyar Ɗa'if ta 1934 da ta tabbatar da Najran cikin Saudiyya, kuma kasuwar gargajiya tana gefenta.

Mutanen garin yawanci ƙabilar Yam ne, da yawansu mabiya Isma'iliyya. Masu karamci ne, in sun zuba gahawa ku karɓa da dama. Na san halinmu da son muhawara, to ku bar ta a Jidda, baƙo ba ya buɗe gardamar aƙida a garin mutane. Masallatan Juma'a suna nan cikin gari kamar ko'ina.

Abincin rana ku manta da kabsa, ku nemi ruƙush: gurasar alkama ce sirara ake gutsuttsurawa a jera cikin tukunyar dutse, a kwarara romo, a ɗora nama, tukunyar tana riƙe zafi har ku gama. In da sanyi kuka je, lemun zaƙin gonakin Najran yana kasuwa, ku cika leda.

Kuɗin karo-karon ku damƙa wa mutum ɗaya ya riƙa biya yana rubutawa, ku kama gidan haya mai kayan ɗaki maimakon ɗakunan otal huɗu, kuma wanda zai karɓi motar haya ya tabbata lasisinsa na nan ƙasar ne. A kasuwar Abas Sa'ud za ku ga masu sayar da janbiya, wuƙar nan mai lanƙwasa da maza ke ɗaurawa a ƙugu, kuma na tabbata ɗayanku zai ɗauka. Ya sa ta a jakar da za a auna, in ba haka ba a wajen bincike na filin jirgi za a karɓe ta. Daga Hima ku juyo kafin azahar, don ku samu lokacin mayar da mota ba tare da gudu ba.