Amsa ga Malam: Daga Ina Sinawa Suke Fara Ƙirga Shekarunsu?

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Saƙonka ya same ni a Guangzhou, inda ka ce wani almajirinka ya nuna maka a waya cewa Sinawa suna shekara ta 4723 a lokacin da ake 2025 ta Miladiyya, kuma kana son sanin daga wace aukuwa suka fara ƙirge, tun da kowane lissafi da mafarinsa, kamar yadda namu ya faro daga Hijira.

Tun zuwana ƙasar nan ban taɓa ganin wannan lamba a kan rasit, ko takardar haya, ko biza ba. Tun 1949 hukuma take aiki da shekarar Miladiyya, kuma da za ka tsayar da mutum goma a kasuwar Xiaobei, inda 'yan uwanmu suka fi taruwa, ka tambaye su shekara ta nawa ake ciki a lissafin kakanninsu, da wuya ka sami wanda zai ba ka lamba. Abin da za su faɗa maka shi ne sunan dabba: 2025 shekarar maciji ce, 2026 kuma ta doki.

Lambar kuwa an rataya ta ne a kan Huangdi, wanda ma'anar sunansa Sarki Mai Launin Rawaya, wanda Sinawa suke ɗauka kakansu, suke kuma jingina wa zamaninsa ƙirƙiro rubutu da saƙar siliki da ilimin magani da kalanda. Yana cikin jerin sarakunan almara, irin su Fuxi da Shennong da suka gabace shi, da Yao da Shun da suka biyo baya. Wasu tsofaffin littattafansu ma sun zarce nan, sun kasa abin da ya shuɗe tun buɗewar sama da ƙasa zuwa zamuna goma da suka haura shekara miliyan biyu. Har yau ana taruwa duk shekara a hubbarensa da ke lardin Shaanxi don girmama shi, amma ba a tono wani rubutu na zamaninsa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne gaskiyar babban marubucin tarihinsu, Sima Qian, wanda ya rayu kimanin shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya buɗe tarihinsa da Huangdi, amma da ya zo jera shekaru ɗaya bayan ɗaya sai ya fara daga wadda ta yi daidai da 841 kafin Miladiyya, domin ya ga lissafin da ya gada game da abin da ya gabaci haka yana karo da juna. Har yanzu 841 ce shekara ta farko da masana ba su jayayya a kanta. Gwamnati ta tara masana kusan 200 daga 1996 zuwa 2000 don su tura iyakar baya, suka tsayar da 2070 kafin Miladiyya a matsayin kimanin farkon daular Xia, wadda suke ɗauka daular farko a tarihinsu, amma ba kowa ya gamsu ba. Malam zai tuna yadda aka samo wa Bagauda shekarar 999 a Kano, ta hanyar tara tsawon mulkin sarakuna ana komawa baya. Haka aka yi wa Huangdi, sai dai tazararsa ta fi nisa ƙwarai.

A tsawon shekara dubu biyu hanyoyi biyu suka riƙe. Ta farko ita ce zamanin sarki, kamar yadda dattijo a gida zai ce an haife shi a zamanin sarki wane. Tun daga Sarki Wu na daular Han, sarki yakan raɗa wa mulkinsa suna, a fara ƙirge daga ɗaya, in wani ya hau a sake sabo. Wani mai sayar da tangaran ya taɓa kifa mini kwano ya nuna mini haruffa shida masu launin shuɗi a gindinsa, ya ce suna nufin an ƙera shi a shekarun Kangxi na daular Qing, wato tsakanin 1662 da 1722, sannan ya faɗa mini da bakinsa cewa wannan kwaikwayo ne na zamani, hatimin kawai aka ara. Hanya ta biyu ita ce zagayen shekara 60, inda ake haɗa alamomi goma da ake kira na sama da goma sha biyu na ƙasa, waɗanda dabbobin nan suke wakilta, kuma sai bayan shekara 60 haɗin farko yake dawowa. An sami waɗannan alamomi a kan ƙasusuwan duba da aka tono a Anyang, masu fiye da shekara 3,000, ko da yake a lokacin kwanaki ake ƙirgawa da su. Zagayen da ake ciki ya fara a 1984, kuma idan aka koma baya zagaye 78 cif, sai a faɗa kan 2697 kafin Miladiyya, shekarar da aka fi ba Huangdi.

Mayar da wannan shekara mafarin ƙirge kuwa aiki ne na jiya-jiya. A ƙarshen daular Qing, wadda sarakunanta 'yan ƙabilar Manchu ne, masu neman juyin juya hali sun ƙi rubuta kwanan wata da sunan sarkin da suke son tumɓukewa. Kang Youwei, wani malami mai neman gyaran mulki, ya so a ƙirga daga Confucius, babban malamin hikimarsu na dā, sai wani matashin malami, Liu Shipei, ya fito a 1903 ya ce a ƙirga daga haihuwar Huangdi, ya kira shekarar 4614. Wasu suka zaɓi hawansa gadon sarauta, kuma da nasu lissafin aka rubuta sanarwar boren Wuchang na 1911 da shekara ta 4609. Wannan lissafi bai daɗe ba, domin ranar 1 ga Janairun 1912 aka fara ƙirgen Jamhuriya, wanda Taiwan take bi har yau, inda 2025 take shekara ta 114. Wannan saɓani kan mafarin ƙirgen Huangdi ne ya sa za ka ga 4722 a wani wuri, 4723 a wani, kuma an fi ganinsu wajen Sinawa mazauna Amurka da Turai idan sabuwar shekara ta zo. A ganina, Allah ya gafarta Malam, lambar shaida ce ta kishin asali, kuma ina girmama ta a haka, amma ba za a ɗora ta a ma'auni ɗaya da Hijira ba, wadda aukuwa ce sananniya da Sayyidina Umar (RA) ya tsayar da ƙirge a kanta tun shaidunta suna raye.

Mu Hausawan da ke zaune a nan kalanda uku muke riƙewa. Da Miladiyya muke rubuta yarjejeniya da biyan haya, da Hijiriyya muke azumi da Salla tare da Musulmin Sinawa 'yan ƙabilar Hui, kalandar Sinawa kuma dole ɗan kasuwa ya san ta, domin sabuwar shekararsu tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu su rufe makonni, ma'aikata su tafi garuruwansu, wanda bai loda kwantenarsa da wuri ba sai ya jira. Idan Basine yana son sanin shekarunka cikin ladabi, sai ya tambayi dabbar shekarar da aka haife ka, ya yi lissafi a zuci. Muna amsawa, tun da ƙirge ne kawai, amma abin da ya shafi duba da zaɓen ranar sa'a, wanda ake bugawa a jikin jar kalandar da suke yage wa shafi kowace safiya, wannan mun bar musu. Na sayi irin wannan kalanda guda ɗaya, zan aiko wa Malam ta hannun mai tahowa Kano, na kuma rubuta ma'anar alamomin shekara da ajami a bangonta.